Taƙi Guda a Kan Tirela

Shekara shida ke nan ina zaune a Dalas, jihar Teksas, kuma tun shekarata ta biyu na shiga sana'ar da 'yan Najeriya da yawa ke yi a gefe: a sayi mota a gwanjon inshora, a tura ta Legas, Yayana ya karɓa ya kai Kano a gyara a sayar. Abin da ke cinye riba shi ne ɗauko. Mota tana filin gwanjo a Dalas, masu loda ta a jirgi suna Hustan, kusan mil 240 tsakani, kuma kowace mota sai ka biya mai ɗauka. In ya yi maka jan ƙafa, filin gwanjo ya fara ƙirga kuɗin ajiya kullum. Da na gaji, sai na ce bari in sayi a-kori-kura da ƙaramar tirela in riƙa ɗaukar kayana da kaina.

Na sayi Ford F-150 ta 2019, ta hannu, mai ƙofa huɗu, mai jan ƙafa huɗu, da injin EcoBoost mai lita 3.5. Dillalin da ya sayar mini ya buga bodinta da tafin hannu ya ce wannan tana jan laba 13,200. Kusan kilo 6,000 ke nan. Na yi lissafi a kaina: mota mai laba 4,500, tirela mai 2,000 da ɗan wani abu, ai ko rabi da kyar muka wuce. Na biya na tafi ina jin na yi dabara.

A nan Amurka irin waɗannan motoci, su F-150 da Silverado 1500 da Sierra 1500 da Ram 1500 da Tundra, ana ce musu "rabin tan". Sunan tsohon yayi ne, tun zamanin da laba 1,000 suke ɗauka. Yanzu suna ɗaukar fiye da haka, amma suna ya zauna. Ni kuwa da na taso ina ganin Hilux ta fito daga Dawanau an jibga mata buhuna har sifirin ya miƙe, ga mutum biyar a saman kaya, sai na ɗauka mota wadda ta kusa ninka Hilux a ido ba ta da iyaka. A wurinmu ma'aunin lodi shi ne idan mota ta iya tashi, to ta ɗauka.

Tafiyar farko na ari tirelar wani abokina, mai ƙafa huɗu, na je na ɗauko Toyota Highlander da aka buga wa gefe. Da mai injin ɗaga kaya ya ɗora ta, ya tura ta can gaba, sai gindin motata ya zauna, hancinta ya ɗaga sama kamar raƙumi zai tashi. Abin bai yi mini kyau a ido ba. Sai na sa aka ja Highlander ɗin baya, aka ƙara ja, har motata ta daidaita tsaf. Na ɗaure, na ɗauki hoto na tura wa Yaya, na hau babbar hanyar I-45.

Mun wuce Kosikana da kaɗan, ina kan mil 65 a awa, wata babbar mota ta zo ta wuce ni ta hagu. Iskarta ta tura tirelar dama, ta dawo hagu, ta sake komawa dama, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. A madubi ina ganin gefen Highlander yana leƙowa ta wannan ɓangare, ya ɓace, ya leƙo ta wancan. Sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da komai ba. Ƙanina da ke gefe salati kawai yake yi. Motar da kanta ta fara kama birki ƙafa-ƙafa, rubutu ya fito a gabana wai tirela na lilo, in rage gudu. Na ɗaga ƙafa daga totur, ban taka birki ba, ba don na sani ba sai don ƙafar ta ƙi motsi. Allah Ya kiyaye, ta lafa. Sauran tafiyar a mil 50 na yi ta, ana ta yi mini ham.

Da na mayar da tirelar na ba abokina labari, ya tura ni wurin wani dattijo Bature mai gyaran tireloli a wajen gari. Na fara yi masa bayanin laba 13,200, bai bari na ƙarasa ba. Ya buɗe ƙofar direba, ya tsuguna, ya nuna mini wasu sitika biyu a jikin ginshiƙin ƙofa waɗanda na yi wata biyu ina wucewa ta gabansu ban taɓa karantawa ba.

Ta farko fari da ruwan ɗorawa ce, wadda ke nuna iskar taya. A samanta akwai layi ɗaya da ke cewa nauyin mutane da kaya gaba ɗaya kada ya wuce kaza. Tawa 1,640 aka rubuta. Ta biyu ita ce mai haruffan GVWR, wato iyakar nauyin motar da duk abin da ke cikinta da kanta: 7,000. A ƙasa kuma GAWR, iyakar abin da ƙafafun gaba da na baya za su ɗauka kowanne daban. Na baya 3,800. Ya ce 1,640 ɗin nan ba wani abu ba ne illa 7,000 an cire nauyin motar yadda ta fito daga kamfani da cikakken tanki. Duk wani abin jin daɗi da aka ƙara mata, gilashin rufi, kujerun fata, babban tanki mai galan 36, jan ƙafa huɗu, daga cikin wannan lamba aka yanka. Shi ya sa a talla za ka ga F-150 ta wannan shekarar tana ɗaukar har 3,270, amma wannan mai ƙofa biyu ce, tsirara, irin ta 'yan kwangila. Mota ta fi tsada, ta fi ƙarancin ɗauka. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai, domin gilashin rufin nan na cikin abin da ya ja ni.

Sai na ce masa, to ai ni ba ɗauka zan yi ba, ja zan yi. Ya yi dariya ya ce in je in ɗaga wuyan tirela da hannu in gani. Tirela ba a kan ƙafafunta kaɗai take tsaye ba. Wani kaso na nauyinta yana sauka ta wuyanta a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, kuma wannan nauyi kaya ne, daidai da buhun da ka jefa a bodi. Ƙa'ida ita ce ya kasance kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin tirelar da kayanta. In ya gaza haka, nauyi ya koma bayan ƙafafun tirela, ta fara lilo. Abin da na yi da hannuna ke nan ranar Highlander: na gyara wa ido, na ɓata wa hanya. Ƙaramin sani ƙuƙumi.

Ya ɗauki alli ya rubuta a ƙasan garejin. Kashi 10 na 13,200 shi ne 1,320. Cire daga 1,640, saura 320. Ni da ƙanina mun kai 370. Ke nan ko da motata ce mai 13,200 ɗin, da mun zauna a ciki mun wuce iyaka, ba a sa ko jak ba. Kuma ba ita ba ce. Wannan lamba ta wani haɗi guda ce, mai kayan ja na musamman da aka saya tun daga kamfani. Da na koma gida na buɗe jadawalin ja na Ford na 2019, na bi layin injina da irin giyar ƙafar bayana, tawa 10,000 da ɗoriya ce.

Ba wai lambar talla ƙarya ce ba, a yi wa kamfanoni adalci. Akwai ma'auni guda da ake kira SAE J2807, wanda Toyota ta fara bi a kan Tundra tun 2011, sauran manyan suka biyo baya a motocin 2015. A ciki har da hawan Davis Dam a jihar Arizona, mil 11.4 na tudu, a zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya mota a ƙure, kuma kada inji ya yi zafi ko gudu ya faɗi ƙasa da mil 40. Gwaji ne na gaske. Sai dai an gina shi a kan mutum biyu masu laba 150 kowanne, da bodi wayam. Ban san magidanci a Teksas mai laba 150 ba.

Akwai sitika ta uku, sai da na kwanta a ƙasa na gan ta, a jikin ƙarfen da ake soka ƙugiya, wato abin da ke riƙe da ƙwallon da ake maƙala tirela. Layi biyu ne. Da ƙugiya zalla: tirela 5,000, wuya 500. Da ƙugiya mai raba nauyi: wuya ya haura 1,100 kaɗan. Ranar Highlander ina jan kusan 6,600 da ƙugiya zalla. Ita ma tirelar aron tana da tata iyakar, 7,000 har da nauyin kanta, ita kuwa ta kai 2,200, ke nan 4,800 kawai za ta ɗauka. Motar da Yaya ya fi nema, Lexus GX 460, ta haura 5,100. Da na ɗora ta a kai da na wuce iyakar tirelar ma.

Haka na shiga kashe kuɗin da ban shirya ba. Na sayi tirela ta hannu mai iyakar 9,990, nauyinta 2,750, da birkin lantarki a ƙafafu huɗu (a Teksas tirelar da ta wuce 4,500 dole ta kasance da birkinta). Na sayi ƙugiya mai raba nauyi, mai sanduna biyu na ƙarfe da ke maƙalewa a wuyan tirela. Ita kaɗai laba 90 ce, wadda ita ma daga 1,640 za a cire. Maiɗakina ta dubi rasit ta ce, "Maigida, wannan kuɗin ai ya biya mai ɗauka sau goma." Ban ce komai ba, don gaskiyarta.

Sai awo. Dattijon ya ce duk lissafin alli zato ne, sikeli ne alƙali. A tashoshin manyan motoci akwai sikelin CAT, doguwar farfajiya mai faranti uku a jere, da allon ruwan ɗorawa a sama. Farantin farko na ƙafafun gaba, na biyu na ƙafafun baya, na uku na tirela. Akwai maɓallin magana a jikin sanda, amma an kafa shi daidai tagar babbar mota, ni sai da na fito na yi ɗage. Daga baya na gano akwai manhajarsu ta waya, kana zaune lambobi su zo maka. Awon farko bai kai dala 20 ba, maimaici a sikeli guda cikin awa 24 kuma ya fi araha sosai. Na zaɓi safiyar Lahadi, lokacin da babu layi, don direbobin manyan motoci ba su da haƙurin mai koyo.

Na zo da GX 460 a kan tirela, a inda mai ɗorawa ya ajiye ta. Na fara kwance tirelar a gefe na hau da mota kaɗai, tanki cike, ni da ƙanina a ciki, da akwatin kayan aiki da sarƙoƙi da ƙugiya. Gaba 3,300, baya 2,700, jimla 6,000. Tun ba a haɗa komai ba laba 640 sun tafi, saura 1,000 cif.

Na haɗa tirela, ban ɗaura sandunan ba, na sake hawa. Gaba 2,860, baya 4,320, tirela 6,720. Na tsaya a gefen famfon mai ina lissafi a bayan rasit. Motar yanzu 7,180, da 6,000 ce, ke nan wuya 1,180. Tara da 6,720, tirela da kayanta 7,900, wuya kusan kashi 15. Ta fuskar lilo lafiya lau. Ta kowace fuska kuwa na faɗi: na wuce iyakar mota da 180, na wuce ƙafafun baya da 520, na wuce ƙarfen ƙugiya. Ga shi 7,900 bai ko kusanci 10,000 ba, balle 13,200.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙafafun baya. Na ɗora 1,180, su kuma sun ƙaru da 1,620. Ina sauran 440 suka fito? Daga gaba. Ƙwallon yana can bayan ƙafafun baya da nisa, don haka idan ka danna shi, ƙafafun baya su zama madogara, gaba ya ɗaga, kamar yara biyu a kan katako. Ƙafafun da ke juya mota, masu yawancin aikin birki, su ne aka sauke wa laba 440. A nan na fahimci abin da ya sa mota mai lodi take jin sitiyari sakwaf, kuma fitilarta take haska idon mai tahowa maimakon kwalta.

Muka kwance bel, ƙanina ya shiga Lexus ya saki birki, na sa katako a bayan taya don kada ta zarce. Muka ja ta baya taƙi guda, kimanin inci 9. Har ƙanina yana cewa, "Yaya, wannan ɗan motsin me zai canza?" Muka ɗaure muka hau. Gaba 2,960, baya 3,960, tirela 6,980. Wuya ya sauko 920, kashi 11 da rabi da ɗan ɗori. Taƙi guda ya kwashe laba 260. Kowane inci kusan laba 30 ke nan. Na tuna ranar Highlander da na ja ta baya fiye da kamu guda da ido kawai, jikina ya yi sanyi.

Motar yanzu 6,920, ta shigo ƙarƙashin 7,000, amma baya har yanzu ya wuce 3,800 da 160. Nan aikin sandunan ya zo. Ana ɗaga wuyan tirela da jak tare da gindin mota, a maƙala sandunan, a sauke. Suna lanƙwasa kaɗan, kamar an kama mota da tirela an miƙar da bayansu. Dattijon ya koya mini in auna da tef daga ƙasa zuwa bakin modigadin gaba kafin haɗawa, da bayan haɗawa, sannan in ɗaure sanduna har gaban ya dawo kusa da inda yake, ba ya wuce ƙasa da haka ba. Sau biyu na sake saiti kafin ya zauna. Awon ƙarshe: gaba 3,200, baya 3,560, tirela 7,140. Jimla 13,900, daidai da na baya, ba abin da ya ɓace. Laba 400 ne suka bar ƙafafun baya, 240 suka koma gaba, 160 suka koma tirela. Motar 6,760. Saura 240.

Kafin in motsa daga wurin na ciro fenti na fesa layi a katakon tirela daidai tayar gaban Lexus, na rubuta GX a gefe. Yanzu akwai layi huɗu a wurin, na Camry da na Highlander da na RAV4, kowanne sai da na kai shi sikeli sau ɗaya. Masu ɗorawa a filin gwanjo suna gaggawa, ba sa son a ce musu matsa kaɗan, amma idan ka nuna layi ba gardama.

Saura birki, wanda bai ɗau lokaci ba. A F-150 akwai ɗan maɓalli kusa da gwiwar direba mai lamba 0 zuwa 10, da wani abin matsewa da ke kama birkin tirela kaɗai. A fili wayam, kana mil 20 zuwa 25, ka matse shi gaba ɗaya. In tayoyin tirela suka ja ƙasa, ka rage. In ba ka ji ta riƙe ka ba, ka ƙara. Da Lexus a kai 7 ya yi mini, in tirela ba kaya sai na sauko sosai, in ba haka ba taya ta yi ta ƙara a kowace danja. Shi wannan abin matsewa shi ne maganin lilo: ka ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe, ka matse shi, tirela ta ja baya ta miƙe. Sarƙoƙi biyu a gicciye su a ƙarƙashin wuya, igiyar birkin gaggawa, wadda ke kama birkin tirela in ta ɓalle, a maƙala ta a jikin mota, ba a jikin sarƙa ba.

Wani ɗan'uwa a masallaci ya ba ni shawara in sa balan-balan na iska a sifirin baya, wai motarsa ko ta sha lodi ba ta zama. Na tambayi dattijon. Ya ce suna ɗaga gindi, mota ta yi kyan gani, amma ba sa mayar da ko laba ɗaya zuwa gaba, kuma ba sa canza lambar da ke jikin ƙofa, don aksil da birki da taya suna nan yadda suke. Ni a ganina sun fi haɗari ga irina, tunda zaman gindin nan shi kaɗai ne alamar da ido ke gani. Wani abu kuma da ya sa ban tsallaka Oklahoma ko Luwiziyana ɗauko mota ba: da zarar ka ƙetare iyakar jiha da kayan kasuwanci, kuma iyakar motarka da tirela a haɗe ta kai laba 10,001, ka shiga dokokin sufuri na tarayya, sai da lambar rajista da sauran takardu. Tawa a haɗe ta kusa 17,000.

Tafiyar Lexus zuwa Hustan awa huɗu da rabi ta ɗauka, a mil 62. Manyan motoci suna wucewa, in ji ɗan turi, shi ke nan. Mai kuwa ta sha kamar ba gobe, kusan ninki biyu na abin da ta saba. A Hantsbil na tsaya na taɓa cibiyar kowace ƙafar tirela da bayan hannu, na ƙara ɗaure bel ɗin da ya saki.

Ana gobe tafiya ta gaba Yaya ya kira daga Kano. Ya samo injin Camry da giyarsa a wurin wani mai kayan gwangwan a Dalas, yana so in jefa a bodi in haɗa da wata Lexus ɗin, a loda su tare. Na ce masa ba wuri. Ya ce, "Kai ƙanena, bodin nan da na gani a hoto wayam? Ko rago uku ya ɗauka." Na ce Yaya, wuri akwai, nauyi ne babu: laba 240 suka rage mini, injin da giya sun ninka haka. Ya yi shiru, sannan ya ce Amurka ta lalata ni, a Kofar Ruwa da an ɗora inji biyu an ƙara da yaron mota. Na ce haka ne, Yaya. Injin ya bi Camry bayan mako biyu, a ɗaure a katakon tirela daidai saman ƙafafunta, na kuma biya ta sikeli kafin in hau hanya: wuya 780.